Jegon Marlina, Jarrabawar Hazira

Sana'ata gyaran masu jego ce. Ina yi musu tausa, ina gasa musu ciki da dutse mai zafi, ina ɗaure su da dogon zane har ƙugu ya koma mazauninsa. A garinmu Temerloh da ƙauyukan da ke kewaye da ita babu layin da babur ɗina bai shiga ba, kuma duk gidan da na shiga nakan gane tun ranar farko wadda aka ɗora wa wahalar haihuwar da ba ita ta yi ba. A gidan Rizwan ba sai na yi dogon nema ba. Ita ce ta buɗe mini ƙofa, da bokitin wanki a hannu, da wani ƙaton littafi kamar bulo a hammata.

"Sannu da zuwa, Mak Cik Embun," ta ce, wato Gwaggo Embun. Ta ajiye bokitin, ta kama hannuna ta kai goshinta, yadda ake gaida babba a wurinmu. "Kak Marlina tana ɗakin ciki." Kak a yarenmu yaya mace ke nan.

Hazira ke nan, ƙanwar maigidan, autar Hajah Rokiah. Kwaleji take yi a Shah Alam, karatun akanta, kuma a tare da shi tana zana jarrabawar ƙwarewa, irin wadda ake ci takarda bayan takarda har mutum ya zama cikakken akanta. Da Marlina, matar yayanta, ta haihu, sai uwarsu ta buga waya ta ce ta taho. Haka ta baro aji a tsakiyar zango, ta shigo motar haya da jakar kaya ɗaya da jakar littattafai biyu.

A kicin ta ba ni labarin, muna jiran dutse ya yi zafi a kan murhu. Wata gidauniya ce ke biya mata kwalejin da jarrabawar. Takardar binciken asusu ce a gabanta. A watan Yuni ya kamata ta zana, amma aka yi wa uwarta aikin ido, ta ɗaga ta zo ta yi jinya. Gidauniyar ta yi mata uzuri sau ɗaya, ta kuma gaya mata dalla-dalla cewa in zaman watan Satumba ya wuce ba ta ci takardar ba, za su janye hannu.

"To me kike yi a nan?" na tambaye ta.

"Mak ta ce sati ɗaya ne, kafin Abang ya samo mai aiki."

Uwarta take nufi da Mak, Abang kuwa yayanta Rizwan. Na sha jin irin wannan satin a gidaje da yawa.

Jego a wurinmu kwana arba'in da huɗu ne, kuma mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta ɗaga abu mai nauyi, ba ta cin abin da sauran gida ke ci. Ban ce al'adar ba ta da kyau ba, da ita nake cin abinci. Amma duk abin da aka hana mai jego, hannun wata ne zai yi shi. Hazira ce ke dafa ruwan wanka da ganyaye kafin gari ya waye sosai. Ita ke gasa kifin Marlina da masoro da citta, sannan ta ɗora tukunya ta biyu ta sauran gida, don Rizwan ya ce shi ba haihuwa ya yi ba da za a ba shi busasshen kifi. Ita ke wanke tsumman jariri da hannu, don Hajah Rokiah ta ce injin wanki yana sa wa jariri ƙuraje. In yaron ya yi kuka, sunanta ake kira kafin na uwarsa.

Littafin nan kuwa ya ga duniya. Na gan shi a jingine da tukunyar shinkafa, na gan shi a kan injin wankin da aka hana ta amfani da shi. Takan sa waya a aljihu, abin ji a kunne ɗaya, tana sauraron malaminsu yana darasi daga Shah Alam, ɗaya kunnen kuma ta bar wa gida. Da ta fara fahimtar wani abu za ka ji an ƙwala mata kira da Adik, wato ƙanwa.

"Adik, zo ki ga ko yaron nan ya yi kashi."

"Adik, safar Kak Marlina ta jiƙe."

Sati ya cika, na biyu ya shiga, babu mai aiki babu dalilinta. Wata rana ina tausa ƙafar Marlina na ji Hazira ta tare yayanta a falo, yana ɗaura takalmin wasa zai tafi buga ƙwallon gashi da abokansa.

"Abang, maganar mai aikin fa?"

"Kin san halin masu aikin yanzu. Ki kawo baƙuwa gida, ta tafi miki da sarƙa, ko ta riƙa mintsinin yaro in ba kya nan. Na fi yarda da jinina."

"Saura sati uku jarrabawata."

"Ke da ƙwaƙwalwarki kamar kwamfuta? Wace jarrabawa kika taɓa faɗuwa? Kada ki raina kanki, Adik."

Ya shafa kanta ya fita yana fito. Yabon da ya yi mata ke nan, shi ne ladan aikinta na wannan satin. Marlina kuwa tana kwance tana latsa waya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Can sai ta ce mini, "Wallahi ina jin tausayinta, Mak Cik. Amma ya zan yi? Jego nake." Na ƙara ƙarfin hannuna a ƙaurinta har sai da ta yi ƙara.

Na sami Hajah Rokiah a baranda tana tsince ƙananan kifi a faranti. Na ce mata, "Kak Hajah, yarinyar nan tana ramewa. A rage mata aiki ta samu ta yi karatu."

"Embun, ni lokacin da na haifi Rizwan ƙanwata ce ta bar makaranta shekara guda ta zauna da ni. Ta mutu ne? Ga ta can da jikokinta. Karatu ba ya gudu. Amma in aka ɓata jego, mace ta lalace ke nan har tsufa. Ke ma kin fi ni sani."

"Na sani. Amma ai ba Hazira ce ta haihu ba."

"To wa zai yi? Ni da idona ɗaya?"

Idon ya warke tun tuni. Da shi take kallon fim ɗin yamma, da shi kuma take hango ƙura a bayan kujera ta kira Hazira ta share.

Wurin zana jarrabawar yana Kuala Lumpur, kuma Hazira ta riga ta kama gurbi a can. Ta roƙi a bar ta ta tafi ana saura kwana biyu, ta kwana a ɗakinta na kwaleji, ta huta, ta shiga da natsuwa. A kan tabarmar cin abinci ta kawo maganar, ina wurin don sun matsa sai na ci.

"Kwana uku ba kya gida?" Hajah ta ce. "Wa zai dafa ruwan wanka?"

Rizwan ya tsame hannu daga miya ya ɗaga yatsa, kamar wanda ya gano maganin cutar da ta gagari likitoci. "Yaron ofishinmu a ɗakinsa ya zana tasa. Ana yi a kwamfuta, suna kallonka ta kyamara. Me zai kai ki Kuala Lumpur ki sha cunkoso? Ki canza kawai. Kin ga kin huta, mun huta."

"Abang, ta gida tana da dokoki masu tsanani. Dole ɗaki ya zama babu kowa. In wani ya shigo, ko ya yi mini magana, za su rufe nan take."

"To sai me? Gidan mahaukata ne nan? Za mu ba ki ɗaki."

Ta dube ni, na dube ta. Washegari ta canza, ta saki gurbin nata na Kuala Lumpur.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Yaron ya fara ciwon ciki, aka mayar da shimfiɗarsa kusa da ta Hazira don Marlina ta samu barci, wai rashin barci yana ƙafar da nono. Idanun Hazira suka faɗa. Wata safiya tana naɗe mini dutse a ganye, barci ya fizge ta a tsaye, ta kama shi da tafin hannu. Fatar ta tashi fari fat. Na riƙe hannun a ƙarƙashin famfo, ba ta yi kuka ba, abin da kawai ta ce shi ne, "Da wannan hannun zan buga amsa, Mak Cik." Uwarta ta leƙo ta ce a shafa man goge baki, sannan ta ƙara da cewa wanda ke aiki da zuciya ɗaya ba ya ƙonewa.

A jarrabawar gwaji da kwalejinsu ta yi musu, Hazira da ƙyar ta haye. Malamarsu ta kira ta a waya tana faɗa, har daga inda nake ina jin muryar. Hazira tana ta cewa "To, Madam, to, Madam," tana jijjiga yaro a kafaɗa. Daga ranar na fara zuwa da wuri ina tsayawa bayan na gama aikina, ina karɓar yaron don ta samu ko awa ɗaya. Abin mamaki, a wannan awa ɗayan sai ta zama wata daban. Ta zauna a ƙasa ta baza takardu, tana magana da kanta, tana dariya in ta kamo inda mai tambaya ya ɓoye tarko. Ban gane komai a ciki ba, amma na gane yarinyar tana son abin nan.

Ana gobe jarrabawa ta tara su a falo ta yi musu bayani kamar mai koyar da yara. Za ta shiga ƙaramin ɗakin baya da hantsi, ta fito bayan azahar. Kada a buga ƙofa, kada a kira ta, kada a shiga ko da gobara ce. Za ta kulle daga ciki.

"Kulle?" Hajah ta ajiye kofin shayinta. "Ni za ki kulle wa ƙofa?"

"Mak, ba ke ba ce. Doka ce."

"Dokar mutanen da ba su san uwa ba. A gidanmu ƙarami ba ya kulle wa babba ƙofa. In kin suma a ciki fa? Kawo makullin. Babu mai shiga, na ce babu mai shiga, ko maganata ba ta isa ba?"

Hazira ta zare makullin ta miƙa mata da hannu biyu.

Ranar na iso da sassafe. Na taya ta kwashe komai daga ɗakin, don masu jarrabawar ba sa son ganin ko takarda ɗaya a kusa. Na naɗe mata tafin hannun da sabon bandeji, na yi mata addu'a, ta shiga ta turo ƙofa. Na ji tana magana da Turanci da wanda zai kalle ta, sannan shiru. Na yi wa yaron wanka, ya sha nono ya yi barci. Na ce a raina yau kam Allah ya taimake ta.

Ina tsakiyar ɗaure cikin Marlina, tana tsaye hannuwa a sama, ni kuma ina ƙulla zanen ƙulli bayan ƙulli, sai na ji motoci sun tsaya a ƙofar gida. Dangin Marlina ne daga Terengganu, mota biyu, sun zo ganin jariri, har da kakarta Tok Sepiah, tsohuwar da ta haura tamanin. Daga baya na ji cewa tun kwana uku Hajah ta san suna tafe. Ba ta faɗa wa Hazira ba, wai don kada hankalinta ya rabu.

Gida ya cika da sallama da dariya. Ta bango ina jin komai. Hajah ta kawo shayi da kanta, abin da ba ta yi ba tun da na fara zuwa gidan. Sai na ji muryar tsohuwar.

"Ina autar taki? An ce tana nan. Ko ta yi girman da ba ta gaida mutane?"

"Tana ɗan wani rubutu ne, Tok."

"Rubutu? Mun taho tun daga Terengganu, ita tana bayan ƙofa? Yaran birni ke nan."

Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya. Na san wannan dariyar, na kuma san abin da za ta yi wa Hajah Rokiah. Na saki bakin zanen a hannun Marlina na ce ta riƙe, na fito da sauri hannuna duk mai. Na tarar da Hajah ta riga ta kamo hannun tsohuwar suna bin lungun ɗakin baya.

"Kak Hajah, don girman Allah," na ce. "Za su kore ta."

"Gaisuwa kawai za ta yi, Embun. Wa ake kora don ya gaida babba?"

Ta tura ƙofar.

Hazira tana zaune gaban kwamfuta, yatsunta suna gudu. Ta ɗago a firgice. Ta girgiza wa uwarta kai ba tare da ta buɗe baki ba. Amma Tok Sepiah ta riga ta taka har gaban tebur, ta miƙo hannunta a saman kwamfutar, tana jira. Tsohuwa ce, baƙuwa, surukar gida. Tun Hazira ba ta iya magana ba aka koya mata abin da ake yi da irin wannan hannun. Na ga ta dubi kyamarar, ta dubi hannun. Sannan ta kama shi da hannu biyu, ta sunkuya ta kai shi goshinta.

Hajah ba ta tsaya nan ba. Ta leƙa fuskarta cikin kwamfutar tana murmushi ta ce, "Ka yi haƙuri, malam, baƙi muka yi. Yanzu za mu fita."

Wata murya ta yi magana a taƙaice daga cikin na'urar. Rubutun Hazira ya ɓace, wani farin shafi ya maye gurbinsa. Saura tambaya ɗaya ta gama.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna tana kallon farin shafin har suka fita. Da na dafa kafaɗarta sai ta ce, "Ina sane da amsar ta ƙarshen, Mak Cik." Daga falo Hajah ta ɗaga murya ta ce tunda ta gama, ta zo ta zuba wa baƙi abinci. Ta tashi ta je ta zuba.

Da yamma, bayan baƙi sun tafi masauki, aka shiga rabon laifi, kuma ko ɗaya bai faɗo a kan wanda ya dace ba. Rizwan ya ce mutanen nan ba su da tarbiyya, zai rubuta musu ya nuna musu kuskurensu. Bai rubuta ba. Marlina ta ce ita tana ɗaure a ɗaki, ba ta san abin da ake ciki ba. Hajah ta ce da Hazira ta yi mata bayani sosai da ba ta shiga ba, daga baya ta ce ba rabonta ba ne, daga baya kuma ta fashe da kuka ta ce ita ce yau ake tuhuma a kan takarda, ita da ta ɗauki ciki wata tara. Ƙarshenta Hazira ce ta durƙusa tana ba uwarta haƙuri.

Na faɗa musu abin da ke bakina. Na ce sun yanka yarinya sun kuma sa ta wanke wuƙar. Rizwan ya ce, cikin ladabi, an ɗauke ni gyaran ciki ne ba gyaran gida ba. Da ba don Hazira ba da ban sake taka gidan ba.

Masu jarrabawa suka soke takardar. Gidauniya ta janye, kamar yadda ta faɗa. Da kwalejin ta nemi ta dawo aji, Rizwan ya ce tunda abin ya riga ya faru, ta ƙarasa jegon, kuma ga shi hutun haihuwar da aka ba Marlina a wurin aiki ya kusa ƙarewa, sai a ga yadda za a yi da raino.

Ranar da jego ya cika aka yi walimar askin jariri. An kafa rumfa a ƙofar gida, mata suna waƙen yabon Annabi, ana zagayawa da yaron dattawa suna yanke masa gashi kaɗan-kaɗan. Na sami Hazira a bayan gida gaban tulin kwanuka, kuma a karon farko cikin makonni na ga haske a fuskarta. Shugaban sashensu na kwaleji ya kira ta. Ya ce ya yi magana da gidauniyar, sun yarda in ta zana takardar a zaman watan Disamba ta ci, za su mayar da ita. Daga wannan babu wata dama.

"Kin gaya wa Mak ɗinki?"

"Na gaya mata jiya. Ta ce Allah ya kai mu."

"Wannan karon a Kuala Lumpur za ki yi, ko da a bayan babur ɗina zan kai ki."

Ta yi dariya, ta ɗauki tiren shayi, na bi ta da farantin ƙosai mai zaƙi zuwa cikin rumfa. Tok Sepiah tana zaune a kujerar gaba kusa da Hajah Rokiah. Da ta ga Hazira sai ta kamo gefen rigarta.

"Ga 'yar albarka. Ya rubutun naki na ran nan? An ci?"

Kafin Hazira ta buɗe baki uwarta ta amsa. "Ta ɗaga shi, Tok. Ta ce ɗan yayanta ya fi mata takarda."

Matan da ke kusa suka hau sa albarka. Wata ta ce irin waɗannan yaran sun yi ƙaranci a zamanin nan. Hazira tana tsaye da tire. In ta ce ƙarya ne, ta kunyata uwarta a gaban surukai. Na buɗe baki zan yi magana, ta dube ni ta girgiza kai.

Tsohuwar ta shafa hannun Hazira, ta juya wajen Hajah. "To ai shi ke nan, kin raba ni da tunani. Ƙanwar Marlina ma tana da ciki, farkon Disamba za ta sauka, kuma ba mu da mai zama da ita. Ki ara mana wannan."

Ara ta ce, kamar tukunyar biki. Na zuba wa Hajah Rokiah ido. Jiya-jiya aka gaya mata abin da ke cikin watan Disamba, kuma na ga a fuskarta ta tuna. Sannan ta gyara mayafinta, ta dubi matan da ke jiran amsarta, ta yi murmushi.

"Ai taku ce, Tok," ta ce. "Abin nasu a kwamfuta ake yi. Ko a can ma sai ku ba ta ɗaki."